Wa ke ɗinke rauni cikin dare?

Ɗan ƙanwata ya faɗi da babur a jar hanyar da ke bayan unguwarmu a Tawa, tsakuwa ta ɗaye masa fatar ƙwauri kamar faɗin tafin hannu. Majon asibitin unguwa ya wanke wurin, ya shafa jan magani, ya naɗe da bandeji, ya ce babu abin ɗinki, a riƙa kawo shi duk bayan kwana biyu. A zuwa na uku Inna ta bi mu. Da aka kwance, ta gyara tabarau ta sunkuya. Bakin ciwon ya matso ciki, wani siririn zobe mai ruwan hoda ya kewaye shi, a tsakiya kuma ga wasu ɗige-ɗige kamar an yayyafa gero.

"To, malamin lakkal," in ji ta, "ba allura, ba zare. Wa ke ɗinke shi cikin dare?"

Na ce, "Inna, fatar ce ke tafiya."

Ta harare ni, ta ce in bar yi mata wasan jika tunda ni ba jikanta ba ne.

Ban ga laifinta ba, don mu malamai mu ke shuka ruɗanin tun daga allo. Muna zana ƙwayoyin halitta, waɗanda ɗalibai ke kira selil, a jere kamar tubalin katanga, sai yaro ya tashi da tunanin kowace tana nan inda aka aje ta, danƙo ya liƙe ta da maƙwabciyarta har mutuwa. Jiki ba haka yake ba. Tsakanin ƙwayoyin akwai wata saƙa da su da kansu suke fitarwa, bari in kira ta saƙar tsakani. Babban zarenta shi ne kolajin, wanda shi kaɗai ya kusa kashi ɗaya cikin uku na furotin ɗin jikin mutum, kuma an san iri 28 nasa. Shi majemi ke jemewa ya zama fatar takalmi, shi ke sa romon ƙafar sa ya daskare in ya kwana. Ban da shi akwai fibironaktin da laminin, da wani abu mai yauƙi da ke riƙe ruwa a gurabe. Can ƙarƙashin fata saƙar sako-sako take kamar koma ta masunta. A agara an murɗe ta kamar igiya. Daidai ƙarƙashin ƙwayoyin saman fata kuwa shimfiɗa ce siririya mai matsattsen ido, kamar tabarmar gwanar saƙa.

Cikin wannan saƙa ƙwaya ke tafiya, alhali ba ta da ƙafa. Abin da take da shi wasu furotin ne da suka huda bangonta, kai a waje, gindi a ciki. Mariƙa zan ce musu. Masu kama zaren saƙa sunansu intagirin. Kowanne haɗin sassa biyu ne, alfa da beta. Jikin mutum na da alfa iri 18 da beta iri 8, suna haɗuwa su ba da tagwaye 24, kowane da zaren da ya fi so. A 1984, a Kalifoniya, Erkki Ruoslahti da Michael Pierschbacher suka gano cewa duk tsawon fibironaktin, wurin da ƙwaya ke kamawa ɗan guntu ne wanda zuciyarsa amino asid, wato tubalan ginin furotin, guda uku ne kacal, ana taƙaita su da RGD. Bayan shekara biyu aka raɗa wa mariƙin suna a ɗakin binciken Richard Hynes. A 2022 Hynes da Ruoslahti da Timothy Springer suka karɓi lambar yabo ta Lasker saboda wannan aiki.

Kiran intagirin danƙo rage masa daraja ne. Danƙo bai san kunnawa da kashewa ba. Shi kuwa in yana hutawa a lanƙwashe yake kamar wuƙar aljihu da aka ninke, sai saƙo ya zo daga cikin ƙwaya sannan ya miƙe ya cafke zare. In ya cafke, ya aika da labari ciki: ga abin da na kama, ga taurinsa.

A farkon shekarun 1970, a Landan, Michael Abercrombie ya ɗauki fim ɗin ƙwayoyin zuciyar ɗan tsako suna rarrafe a kan gilashi, kuma har yau a kan abin da ya gani ake gini. Wasu zaruruwa na cikin ƙwaya, aktin, suna ƙara tsawo a goshinta, suna tura bango gaba kamar yaron da aka sa a buhu yana tura shi da hannu. A daidai lokacin wani furotin, miyosin, ɗan'uwan wanda ke motsa damtse, yana janyo zaruruwan baya. In babu abin da ya ɗaure aktin da ƙasa, wahalar banza ce: zare na tsiro a gaba yana zamewa baya, ƙwaya na nan tsaye. Duk ɗan kabu-kabu ya san wannan. Inji na kuka, hayaƙi na tashi, amma an matse ambirayaji, wanda ƴan'uwanmu na Najeriya ke kira kuloci, taya ba ta juyawa. Da wannan misalin na mota Tim Mitchison da Marc Kirschner suka fassara lamarin a 1988. Abin da ke haɗa inji da taya a nan shi ne talin, furotin mai tsawo wanda ke kama gindin intagirin da hannu ɗaya, aktin da ɗayan. Da ya kama, zamewar ta ragu, ƙarfin ya sauka a kan zaren saƙa, goshin ƙwaya ya ci gaba.

Akwai wani abu a nan da ke burge ni duk sanda na koyar da shi. A 2009 aka nuna cewa in an ja talin yana warwarewa, ya buɗe wasu gurabe da ke ɓoye a jikinsa, wani furotin mai suna binkulin ya zo ya zauna a ciki ya ƙara ɗauri. Zarge ke nan irin wanda ake yi wa akuya: tana ja yana ƙara shaƙewa. Shi ya sa ƙwaya ta fi samun riƙo a wuri mai tauri, kuma a shekara ta 2000 aka ga cewa in an aje ta a iyakar wuri mai laushi da mai tauri, wajen taurin take nufa. Jan nata kuwa ba ƙarami ba ne. Albert Harris ya shuka ƙwayoyi a kan siririyar robar silikon a 1980, aka ga robar tana yamutsewa a ƙarƙashinsu kamar zanen gado ƙarƙashin mai zazzaɓi.

Sai dai ba a nan gizo ke saƙar ba. Kamawa a gaba rabin tafiya ce, saura saki a baya. Ƙwaya na da wani almakashi na ciki, kalfen, da ke yanke talin a wutsiyarta, sannan ta haɗiye intagirin ɗin da suka gama aiki ta mayar da su goshi. Wani lokaci sakin ba ya samuwa da daɗi, sai ta fizge, ta bar guntayen mariƙanta manne a ƙasa kamar sawu.

Mutumin Adar ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a nan. Ka bi tudun rairayi na gefen gari da tsakar rana, kowane taku ƙafa na zamewa, ka gaji ba ka je ko'ina ba. Ka shiga fadamar Majiya bayan ruwan Agusta, laka ta riƙe takalmi, ka ciro ƙafa ka bar shi a ciki. A jar ƙasa mai tauri ake sauri, inda ƙafa ke kamawa kuma take sakuwa. A 1997 Sean Palecek da abokan aikinsa a Amurka suka auna wannan da kyau. Suka sauya yawan zaren da ke ƙasa, suka sauya yawan intagirin a jikin ƙwaya, suka sauya ƙarfin kamunsa. Ta kowace hanya aka bi, amsa ɗaya ce: sauri na hawa tare da riƙo har zuwa wani matsayi na tsaka-tsaki, daga nan ya fara sauka.

A ganina wannan shi ne abin da ya fi cancanta ɗalibin likitanci ya riƙe a duk wannan babi, domin yana rusa tambayar da aka fi yi. Ana tambaya, shin mariƙa suna taimakon tafiya ko hana ta suke? Ba ta da amsa sai an san inda ƙwayar take tsaye. Ka rage riƙon wadda ke kan rairayi, ka tsayar da ita. Ka rage riƙon wadda ke cikin laka, ka sake ta ke nan.

Ƙwaurin yaron nan shi ne shaida. Kafin ya faɗi, ƙwayoyin saman fatarsa a kafe suke a kan tabarmarsu da wani intagirin, alfa 6 beta 4, wanda aikinsa ƙusa ne, ba tafiya ba. Da fata ta ɗaye, jini ya daskare ya shimfiɗa hanyar wucin gadi ta fibirin da fibironaktin. Cikin yini guda ƙwayoyin bakin ciwon suka fara zare ƙusoshinsu, suka fito da wasu mariƙan, irin su alfa 5 beta 1 mai son fibironaktin, suka fara rarrafe. Ba ɗaiɗai suke tafiya ba. Suna riƙe da juna da wani mariƙi daban, kadarin, wanda Masatoshi Takeichi na Japan ya gano, wanda kuma ba ya aiki sai da sinadarin kalsiyam. Na gaba na ja, na baya na bi, kamar ayarin raƙuma. Ɗige-ɗigen da Inna ta gani a tsakiya kuwa, ƙwayoyi ne da suka fito daga ramukan gashi da tsakuwa ba ta kai gare su ba. A ƙarƙashi kuma, bayan kwana uku zuwa huɗu, masaƙan jiki, wato fibirobilas, suka shigo suna zuba sabon kolajin. Su sannu-sannu kwana nesa ne, da ƙyar suke cin milimita guda a yini.

Masu gaggawa su ne fararen ƙwayoyin jini, musamman nutirofil, da ke isowa cikin awoyi kaɗan, suna gudu fiye da ninki goma na masaƙa. Matsalarsu ta farko ita ce yadda za su sauka daga jinin da ke kwarara. Bangon jijiyar da ke kusa da ciwo sai ya fito da mariƙa masu saurin kamawa da saurin saki, salaktin, ƙwayar ta fara mirgina a jikin bango tana rage gudu. Tana cikin mirginawa saƙon ciwo ya taɓa ta, intagirin ɗinta su miƙe, ta tsaya cak, ta baje, ta kutsa ta tsakanin ƙwayoyin bango ta fita. Akwai jariran da ake haifa ba su da lafiyayyen beta 2, wanda wannan birki ke bukata. Cuta ce da ba a cika gani ba, amma alamarta mai ban tausayi ce. A yi suna, a kusa arba'in, cibiya ba ta faɗi ba. Ciwo ya kama jariri, babu mugunya ko ɗigo. A auna jini a ga fararen ƙwayoyi sun cika maƙil, suna wucewa ta ƙofar ciwon sun kasa tsayawa. Masu emasi, amosanin jini, nasu akasin haka ne: ƙwayoyi na manne wa bangon jijiya inda bai kamata ba, hanya ta toshe. An yi maganin da ke toshe salaktin saboda su, kirizanlizumab, Amurka ta amince da shi a 2019, amma Turai ta janye izninta a 2023 bayan wani babban gwaji bai nuna amfanin da aka sa rai ba.

Har zuwa nan labarin ya zauna daidai, kuma shekaru da dama haka aka ɗauke shi: ba intagirin, ba tafiya. Sai a 2008, a cibiyar Max Planck da ke kusa da Munik a Jamus, Tim Lämmermann da Michael Sixt suka cire wa wasu fararen ƙwayoyin ɓera dukan intagirin ɗinsu. A kan shimfiɗa suka kasa motsi, kamar yadda aka zata. A cikin saƙar kolajin kuwa, da cikin fatar kunnen ɓeran, suka yi ta gudu kamar ba abin da ya same su.

Na daɗe ina neman yadda zan gaya wa yara wannan, sai na tuna da masu haƙar rijiya. In rami na da faɗi, sai da igiya ko matakan da aka sassaƙa a bango ake fitowa. In matsattse ne, mahaƙi ya tokare bayansa da gefe guda, ƙafafunsa da ɗaya gefen, ya yi ta turawa har ya fito, bai kama komai ba. Matsin da kansa ya zama riƙo. Ƙwayar da ke kan gilashi ba ta da bangon tokarewa, dole ta kama ƙasa. Wadda ke cikin nama kuwa a kewaye take ta kowane gefe. Ni dai tun daga nan nake ɗari-ɗari da duk wani bayani da aka ɗauko daga farantin gilashi aka ce haka yake a jiki. Mafi yawan abin da ke littattafanmu na koyarwa daga farantin ya fito.

Da aka koma kallon ƙwaya a cikin saƙa, sai wani cikas ya bayyana wanda gilashi ya ɓoye. Ƙwaya kamar mangwaro take: tsoka na matsuwa, ƙwallo ba ya matsuwa sosai. Katarina Wolf da Peter Friedl, a Holan, suka nuna a 2013 cewa in idon saƙa ya ƙanƙance ya kai wajen kashi ɗaya cikin goma na faɗin ƙwallon, tafiya ta tsaya, ko da goshin ƙwaya ya riga ya wuce yana ja. Nutirofil ya sha da wannan, don ƙwallonsa a rarrabe yake kamar ƴaƴan carbi, yana zura su ɗaya bayan ɗaya. Masu babban ƙwallo kuwa sai sun yanka hanya, da wasu almakasai na waje da ake taƙaitawa MMP. Na farkonsu a wutsiyar ɗan kwaɗo aka same shi a 1962, lokacin da Jerome Gross da Charles Lapière ke neman sanin abin da ke narkar da wutsiyar in zai zama kwaɗo. Sau da yawa almakashin a kusa da intagirin yake aiki: a kama zare, a ja shi ya miƙe, a yanke.

Duk wannan ilimin, a kan ciwon daji, wato kansa, aka fi ɗora masa buri. Ƙari da ke zaune wuri guda likita na iya yanke shi, ko a ƙona shi da haske irin wanda aka buɗe sashensa a cibiyar yaƙi da kansa ta Yamai a 2021. Abin da ya fi kisa shi ne wanda ya tashi daga mama ya sauka a huhu ko ƙashi, kuma ba ya tashi sai ya huda tabarmar nan mai matsattsen ido. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Taurin da mace ke ji in ta lalubi ƙullutu a mamanta, kaso mai yawa nasa kolajin ne da masaƙan jiki suka tara kewaye da ƙarin. Mun riga mun ga ƙwaya na son wuri mai tauri. Ɗakin binciken Patricia Keely ya nuna a 2006 cewa a gefen ƙari zaruruwan kan miƙe su fuskanci waje, su zama titi ga mai son fita.

Dabarar farko a fili take: a dakushe almakasan. Aka yi magunguna irin su marimastat, aka gwada a kan marasa lafiya a ƙarshen shekarun 1990, ba su tsawaita rai ba, sai ciwon gaɓoɓi da suka jawo. Dalilan suna da yawa, amma a 2003 Wolf da Friedl suka ga ɗaya da idonsu: da aka hana ƙwayoyin kansa yanka, sai suka dunƙule, suka sassauta riƙo, suka koma kutsawa ta ramukan da ke akwai, irin ta mahaƙin rijiya. An gudu ba a tsira ba. Silenjitid, wanda aka ƙera a kan siffar RGD don ya toshe intagirin, shi ma ya faɗi a babban gwajinsa na kansar ƙwaƙwalwa.

Ko batun kadarin bai tsaya inda aka zata ba. An daɗe ana koyar da cewa ƙwayar kansa sai ta saki hannun ƴan'uwanta, ta yar da kadarin nau'in E, sannan take yawo. Akwai gaskiya a ciki: wani nau'in kansar mama da rashinsa ake gane shi, kuma a 1998 aka gano cewa lalacewar saƙon gadon wannan mariƙi ce ke jawo kansar ciki a wani dangin Mawori na Niyuzilan. Amma a 2019 ɗakin binciken Andrew Ewald ya nuna a jikin ɓeraye cewa ƙwayoyin da aka cire wa kadarin ɗin sun fi saurin fita daga ƙari, sai dai sun fi mutuwa a hanya, ba su cika kafa sabon gida ba. Masu tafiya a ayari, riƙe da juna, su suka fi isa.

Rigimarmu da Inna ta ƙarshe a kan bandeji ce. Ita so take a buɗe ciwon ya sha iska ya yi ɓawo, haka aka yi musu suna yara. Na ce mata ɓawo busasshe dutse ne a kan hanyar ayarin, dole su nutsa ƙarƙashinsa suna yanka kafin su wuce, kuma tun 1962 George Winter ya gwada a fatar alade a Ingila, ya ga raunin da aka rufe ya zauna da danshi ya kusa ninka saurin wanda aka bari a buɗe. Ta ce ita ba ruwanta da alade. Majo ne ya raba mu, ya ce a ci gaba da rufewa.

A rana ta goma sha shida ciwon ya haɗe. Yaron ya zauna a tabarma yana shafa wurin, sabuwar fata sumul, ja-ja, ba ta yi kama da sauran ƙafar ba ko kaɗan.

"Kawu, haka zan zauna da ƙafa kala biyu?"

Na ce masa masu rini ba su iso ba tukuna. Ƙwayoyin da ke ba fata baƙinta su ma tafiyar ƙasa suke yi, daga gefe da ramukan gashi, kuma sun fi kowa nawa. Ya sa ido nan da wata biyu ko uku, zai ga baƙin na shigowa ɗigo-ɗigo.

Inna na gefe tana tsince wake. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Su ma cikin dare za su zo ke nan."